Na sha maganin gawut ciwon ya ƙaru, in koma masa ko in haƙura?

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne, shekarata 48. Shekara uku da suka wuce na kwanta lafiya lau, tsakar dare babban yatsan ƙafata ta dama ya tashe ni da wani ciwo da ban taɓa jin irinsa ba. Ya kumbura, ya yi ja, ya ɗau zafi, ko mayafi ba na iya bari ya taɓa shi. Bayan kwana goma ya tafi kamar ba a yi ba. Bara ya dawo sau biyu, bana sau huɗu, yanzu har idon sawu da gwiwa yake kamawa. Likita ya auna jinina ya ce yurik asid ɗina 9.4 ne, ya ce gawut ne, ya rubuta mini alofurinol. Kwana tara da fara sha ciwon ya taso mini fiye da kowane lokaci, sai na zubar da maganin. Tun daga nan ibufurofen nake sha duk lokacin da na ji alamarsa, wani lokaci kullum. Maiɗakina ta hana ni nama da wake da ƙwai da madara, har tumatir. Na rame, amma ciwon bai daina ba. Ina da hawan jini, ina shan ƙwayar nan mai sa yawan fitsari. Wani ɗan ƙullutu kuma ya fito mini a gwiwar hannu, ba ya ciwo. Abin da ya fi ɓata mini rai, wani abokin aiki ya ce wai ciwon mashaya ne, ni kuwa ban taɓa kai giya bakina ba. Wannan ciwo yana warkewa kuwa? In koma wa maganin da ya ƙara mini ciwo?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu da jiki, Allah ya ba da lafiya.

Kafin komai ina so ka san na yarda da kai a kan zafin nan. Wanda bai taɓa yi ba yakan ɗauka raki ne, don a ganinsa yatsa ɗaya ne ya kumbura, me zai hana ƙato taka ƙasa? Amma tun a 1683 wani likita a Ingila, Tomas Sidenham, wanda shi kansa ya shafe shekaru masu yawa yana fama da gawut, ya bayyana yadda ciwon ke tashin mutum wajen ƙarfe biyun dare, yadda nauyin mayafi ke gagarar yatsan, har takun mai wucewa a ɗaki ya zama azaba. Kusan abin da ka rubuto mini ke nan. Shi dai ya bar duniya da ciwonsa, domin a zamaninsa babu abin da ke cire tushensa. A naka zamanin akwai, kuma ka ma riƙe shi a hannunka kwana tara.

Saboda haka amsata ita ce ka koma wa alofurinol. Sai dai ba kai kaɗai za ka koma ba, da likita za ku koma, kuma ba yadda aka fara da farko ba. Na san wannan magana tana da nauyi ga wanda maganin ya kwantar, shi ya sa zan ɗan ja bayanin, don na lura duk wanda ya gane abin da ke faruwa a cikin gaɓarsa ba ya sake zubar da ƙwayar.

Jikin kowane ɗan Adam yana yin yurik asid. Kullum ƙwayoyin halittar jiki suna tsufa suna mutuwa ana sabunta su, a cikinsu kuma akwai wasu sinadarai da ake kira fiyurin. In jiki ya farfasa fiyurin, tokar da ke saura ita ce yurik asid. Mafi yawan wanda ke cikin jininka daga nan ya fito, daga jikinka da kansa, abin da ke shigowa ta abinci shi ne ƙaramin kaso. Yawancin dabbobi masu shayarwa suna da wani sinadari a hanta da ke ƙara narkar da wannan toka ta bi fitsari cikin sauƙi. Mu ba mu da shi. Ƙoda muka dogara da ita, ita ke fitar da wajen kashi biyu cikin uku, hanji ya fitar da saura.

To ka ɗauki kofin ruwa ka riƙa zuba gishiri kana motsawa. Zai narke, ya narke, har ka kai inda ruwan ya ƙoshi, daga nan duk abin da ka ƙara sai ya kwanta a ƙasa. Jini ma yana da irin wannan iyaka, wajen miligiram 6.8 a kowane desilita. Naka 9.4 ne. Abin da ya haura iyakar, a hankali cikin shekaru, yana daskarewa ya zama wasu 'yan mitsi-mitsin allurai da ido ba ya gani, su kwanta a kan guringuntsi da kewayen gaɓɓai. Sun fi saurin haɗuwa a inda jiki ya fi sanyi, shi ya sa babban yatsan ƙafa, wanda ke can ƙarshen jiki kuma yake shan nauyi da tuntuɓe, shi ne na farko ga kusan rabin masu ciwon. Alluran suna iya yin shekaru a kwance shiru. Ranar da wasu suka ɓantare suka faɗa cikin ruwan gaɓa, sai sojojin jiki, wato fararen ƙwayoyin jini, su ɗauke su abokan gaba su yi musu ca. Wannan yaƙi shi ne kumburin da jan da zafin. Yakan kai ƙarshen tsananinsa cikin yini guda, bayan mako ɗaya ko biyu kuma ya lafa don kansa, ko an sha magani ko ba a sha ba.

A nan gawut ke yaudarar mutane. Ciwo ya tafi, mutum ya ce ya warke, ya yaba wa duk abin da ya sha a ranar ƙarshe, alhali alluran suna nan suna ƙaruwa. Dubi lissafin da ka kawo da kanka: sau ɗaya, sau biyu, sau huɗu, yatsa, idon sawu, gwiwa. Tazarar tana raguwa, gaɓɓan suna ƙaruwa. Haka yake tafiya in an bar shi, har ya kai inda babu sauran hutu tsakanin tashi da tashi, ƙashin gaɓar ma ya fara zaizayewa. Mai shan maganin kashe zafi kaɗai ya kashe maciji ne bai sare kai ba.

Maganar abokin aikinka kuwa, kada ta hana ka barci. Gaskiya ne giya tana ɗaga yurik asid, tana kuma tayar da ciwon, kuma a Turai an daɗe ana kiransa ciwon sarakuna don ana ganinsa a wurin masu ci da sha. Amma a wajen mutum tara cikin goma masu wannan matsala, asalin abin shi ne ƙodarsu ba ta fitar da yurik asid yadda ta sauran mutane ke yi, wannan kuwa galibi gado ne. Ka bincika a danginku, ba mamaki ka samu wani kawu ko kaka da aka sani da ciwon ƙafa mai zuwa yana tafiya, ana ce masa sanyi. Akwai wanda zai ci abin da ya ga dama har tsufa bai taɓa sanin gawut ba, akwai mai kamun kai da zai same shi yana ɗan shekara 35. Maza ya fi kamawa, mata kuma yawanci sai bayan sun daina al'ada, domin sinadarin jikinsu na mata yana taimaka wa ƙoda wajen fitar da shi. Ba laifin da ka aikata ya jawo maka wannan ba, kuma ina faɗa ne don na ga yadda kunya ke hana masu gawut komawa asibiti.

Akwai ma wani abu a wasiƙarka da ya fi giyar da ba ka sha kusa da zama sanadi, wato ƙwayar hawan jinin nan mai sa fitsari. Irin waɗannan ƙwayoyi, dangin tayazayid da furosemayid, suna sa ƙoda ta riƙe yurik asid. Kada ka daina sha da kanka, hawan jinin da aka saki ya fi gawut saurin yin ɓarna. Ka kai wa likita kwalin, ka tambaye shi ko za a iya canja maka. Akwai losatan, wanda ke sauke hawan jini yana kuma ɗan taimaka wa ƙoda ta zubar da yurik asid, akwai amlodifin wanda ba ya ɗaga shi. In kuwa akwai dalilin zuciya da ya sa dole ka zauna a kan mai sa fitsarin, ba komai, sai a daidaita alofurinol ya rufe giɓin. Haka ƙaramin asfirin da ake ba masu ciwon zuciya kullum, yana ɗan ɗaga yurik asid, amma ba a dainawa saboda gawut.

Yanzu ga abin da ya faru da kai a rana ta tara. Alofurinol ba ya kashe zafi ko kaɗan. Aikinsa shi ne ya toshe sinadarin da ke mayar da fiyurin yurik asid, sai adadin da ke cikin jini ya sauka. Da ya sauka ƙasa da iyakar nan, sai abin ya juya: alluran da suka yi shekaru suna taruwa su fara narkewa suna komawa cikin jini. Amma tulin da ya fara narkewa ba ya tafiya salin-alin, yana sassautawa, gutsattsari su zubo cikin gaɓa, sojojin jiki su sake tashi. Ciwon da ya kwantar da kai alama ce cewa maganin ya taɓa inda ya kamata ya taɓa. Likitoci sun san da wannan sarai, ya fi faruwa a watannin farko, kuma ya fi tsanani in an fara da babban awo a tashi ɗaya. Ba ka faɗa mini nawa aka rubuta maka ba, ba ka kuma ambaci an haɗa maka da wata ƙwaya ta kariya ba. In ba a yi maka wannan gargaɗi ba, ban ga laifinka ba da ka zubar, kowa ma abin da zai yi ke nan.

Yadda ake yi shi ne a fara da kaɗan, miligiram 100 a rana ko ƙasa da haka, in ƙoda tana da rauni ma 50. Bayan 'yan makonni, galibi huɗu, a auna jini, in bai sauka yadda ake so ba a ƙara, a sake aunawa, a sake ƙarawa. A lokaci guda kuma a haɗa maka da ƙaramin awo na kolcisin, rabin miligiram sau ɗaya ko sau biyu a rana, na wata uku zuwa shida, don ya kwantar da sojojin nan yayin da tulin ke narkewa. Sannu ba ta hana zuwa. Inda ake son zuwa kuwa lamba ce, kuma ina so ka rubuta ta inda za ka riƙa gani: ƙasa da 6. In ɗakin gwajin da wani ma'auni yake aiki, za ka ga ƙasa da 360. Ga mai ƙullutu irin naka likitoci da yawa sun fi son a kai ƙasa da 5, wato 300, don narkewar ta yi sauri.

Na nace a kan lambar ne saboda kuskuren da ya fi yawa bayan zubar da magani shi ne a tsaya a rabin hanya. Mutane da yawa an ajiye su a kan miligiram 100 ko 300 shekara da shekaru ba a sake auna su ba, jininsu yana 7 da wani abu, ciwo yana zuwa, su ce magani ba ya aiki. Wasu sai an kai su 400, 500 ko fiye kafin su sauka, kuma an halatta hakan a ƙarƙashin kulawar likita. A Notingham ta Ingila an yi wani gwaji da aka wallafa a 2018: aka raba masu gawut gida biyu, rabi suka ci gaba da kulawar da suka saba samu, rabi kuma aka haɗa su da ma'aikatan jinya da suka zauna suka yi musu bayani irin wannan, suna auna su suna ƙara awo har a kai ga lamba. Bayan shekara biyu, kashi 95 cikin 100 na rukuni na biyu sun sauka ƙasa da 6, na farko kuwa kashi 30 kacal. Magani ɗaya ne a hannun kowa, bayani da bibiya ne suka raba su.

In ciwon ya taso kana cikin shan alofurinol, kuma yana iya tasowa ko da an yi komai daidai, kada ka tsaya. Ka ci gaba da shi, ka magance tashin daban. Tsayawa da farawa su ne ke girgiza tulin.

Abu ɗaya ne zai sa ka ajiye shi nan take ba tare da jiran kowa ba: ƙuraje. In ka ga ƙuraje sun feso a fata, ko bakinka ko idonka ya yi gyambo, ko zazzaɓi ya zo tare da su, musamman a wata biyu ko ukun farko, ka daina a ranar, ka tafi asibiti a ranar. Ba kasafai yake faruwa ba, amma in ya zo da tsanani yana iya kisa, farawa da ƙaramin awo kuma yana rage haɗarinsa. Akwai wata alamar gado a jini, HLA-B*5801, da ke ƙara wannan haɗari. Ta fi yawa a wasu al'ummun Asiya kamar Sinawa da Koriyawa da mutanen Tailan, kuma a ƙa'idojinta na 2020 ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka ta ba da shawarar a gwada su, su da baƙaƙen fatar Amurka, kafin a fara. In gwajin yana samuwa inda kake, ka tambaya. Ka kuma faɗa wa likita duk maganin da kake sha, don akwai wanda ba ya haɗuwa da alofurinol sam, kamar azatayofirin. Wanda jikinsa ya ƙi alofurinol yana da febukzostat, sai dai shi ana taka-tsantsan da shi ga wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Alofurinol dai tun 1966 ake ba mutane shi, an san halinsa ciki da waje.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a duk wasiƙarka shi ne ibufurofen ɗin nan na kullum. Kana da hawan jini, kana shan mai sa fitsari, yurik asid ɗinka ya haura 9, ka ɗora wa ƙodar da ke ɗauke da duk wannan kaya wani magani da ke rage mata jini. Yana kuma ɗaga hawan jinin, yana cin bangon ciki har ya yi gyambo ya zubar da jini. In ƙodar ta raunana kuwa, yurik asid ya ƙara taruwa, ciwo ya ƙaru, ka ƙara shan ƙwayar, an gudu ba a tsira ba. Ka daina shan sa kullum daga yau. In ka je asibiti ka nemi a auna maka aikin ƙoda kafin a rubuta komai, a haɗa da sukari da kitsen jini, domin gawut ba ya cika tafiya shi kaɗai, yakan zo da hawan jini da ciwon sukari da ƙiba da ciwon zuciya. In ka taɓa ganin bayan gidanka ya yi baƙi ƙirin, ka faɗa.

Ga ranar da ciwo ya taso, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku shirya da likita tun kana lafiya, maganin yana ajiye a gida, domin wanda aka sha a awannin farko ya fi wanda aka sha bayan kwana biyu aiki nesa ba kusa ba. Hanyoyi uku ne: kolcisin, ko dangin ibufurofen irin su nafurokzin na 'yan kwanaki, ko firedinisolon na wajen kwana biyar. Wanda za a zaɓa maka ya danganta da ƙodarka da cikinka da sukarinka, kuma ga mai irin yanayinka ba mamaki likita ya kauce wa na biyun. In gaɓa ɗaya ce babba kamar gwiwa, ana iya zuƙe ruwan a yi allura a cikinta. Game da kolcisin, kada ka wuce awon da aka ce ko da ciwon bai saki ba. A da ana sa mutum ya yi ta sha har sai zawo ya kama shi, an bar wannan, don ƙaramin awo yana yin aikin, babba kuwa guba ne mai kisa. Ba ya kuma shiri da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su kilaritiromaisin. Bayan magani, ka ɗaga ƙafar a kan matashi, ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora na wajen minti 20, ka sha ruwa, ka huta. Kada ka bari a murza ko a ja gaɓar.

Sai dai ba duk gaɓar da ta kumbura ta yi zafi ce gawut ba, ko ga mai gawut. In kumburin ya zo da zazzaɓi mai ƙarfi da rawar ɗari, ko ka ji jikinka gaba ɗaya ya mutu, ko wannan karon ya bambanta da wanda ka saba, to yana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar, ita kuwa tana lalata ta cikin 'yan kwanaki. Wannan na gaggawa ne. Zuƙo ruwan gaɓa a duba shi ne ke raba gardama, kuma shi ne gwajin da ya fi tabbatar da gawut ɗin ma. Ka kuma sani awon yurik asid a tsakiyar ciwo yakan fito ƙasa da yadda yake a gaskiya, shi ya sa ake so a sake shi bayan mako biyu zuwa huɗu da lafawa.

Wannan ɓangaren ka karanta wa maiɗakinka, ka fara da yi mata godiya, don abin da ta yi ƙauna ce. Amma ta sassauta. Ko mutum ya tsare abinci iyakar tsarewa, abin da yakan sauka daga yurik asid bai cika wuce 1 ba. Cire 1 daga 9.4, saura 8.4, har yanzu kana can sama da iyakar da allurai ke haɗuwa. Shi ya sa ka rame ciwon bai tafi ba. Ramewar gaggawa ma da zama da yunwa suna ɗaga yurik asid na ɗan lokaci, suna iya tayar da ciwon. Sannan yawancin abin da aka hana ka ba su da laifi. Ƙwai kusan ba shi da fiyurin. Madara, musamman marar kitse sosai, tana cikin abin da ke rage haɗarin. Wani bincike da ya bi maza sama da 47,000 a Amurka har shekara 12, aka wallafa a 2004, ya samu cewa yawan cin nama da kayan teku yana ƙara haɗarin gawut, madara tana rage shi, wake da ganyaye masu fiyurin kuwa ba su ƙara komai ba. A dawo maka da wakenka da ƙwanka da madararka. Tumatir, wasu suna cewa yana tayar musu. In kai ba ka lura da haka a jikinka ba, ba dalilin hanawa.

Abin da ya cancanci a rage shi ne kayan ciki, hanta da ƙoda da makamantansu, sai jan nama mai yawa a zama ɗaya, da romon da aka daɗe ana dafa nama a ciki, da sadin da jatan lande. Nama daidai misali, ba kullum ba, ba zai rushe maka komai ba in lambar tana ƙasa da 6. Akwai kuma wanda ba ka ambata ba, nake so in tambaye ka: lemun kwalba fa? Sau da yawa wanda ba ya shan giya shi ne abin shansa, kuma sukarin furuktos da ke cikinsa yana sa jiki ya ƙara yin yurik asid cikin ɗan lokaci. A cikin mazan nan da aka bi, masu shan biyu ko fiye a rana haɗarinsu ya fi na waɗanda ba su cika sha ba da kashi 85 cikin 100. Ruwan 'ya'yan itace na kwali ma kusan haka yake, 'ya'yan itacen da kansu kuwa ka ci. In akwai abu ɗaya da zan ce a cire gaba ɗaya daga gidan, shi ne lemun kwalban nan. Ka yawaita ruwa, wajen lita biyu a rana in likita bai taƙaita maka ba, musamman ranar zafi ko ranar da ka yi gumi, don bushewar jiki tana tayar da ciwon, ruwan kuma yana kare ka daga tsakuwar ƙoda, wadda masu gawut suka fi saurin samu. In kana da ƙiba, a rage ta a hankali cikin watanni, da tafiya a ƙasa a ranakun da gaɓɓai ke lafiya.

Ƙullutun gwiwar hannunka, bisa ga dukkan alamu, tulin alluran nan ne ya taru har ya fito inda ido ke gani, amma likita ya taɓa shi ya tabbatar. Yakan fito a gwiwar hannu, da yatsu, da gefen kunne, da agarar dunduniya. Cikinsa fari ne kamar alli. A 1679 wani masani ɗan ƙasar Holan, Liwenhuk, ya sa irin wannan farin abu a madubinsa mai ƙara girma, ya ga allurai ne zalla, tun kafin a san daga ina suke. Kada ka matse shi, kada ka bari a tsaga, yana iya zama gyambon da ke wuyar warkewa. Fitowarsa kaɗai ta isa dalilin a sa ka a kan magani mai sauke yurik asid, ko da ciwon bai kai sau huɗu a shekara ba.

Ka tambaya ko yana warkewa. Halin ƙodarka na riƙe yurik asid ba zai canja ba, shi ya sa maganin na dindindin ne, kamar na hawan jininka. In ka daina, cikin 'yan makonni jinin zai koma inda yake, allurai su sake fara taruwa. Amma alluran da ke jikinka yanzu suna narkewa ƙarƙaf in aka riƙe lambar a ƙasa, in kuwa babu su babu abin da zai tayar da ciwo. Wata shida na farko su ne masu wuya, kana iya samun tashi ɗaya ko biyu a ciki, ka sa ran haka don kada ya karya maka gwiwa. Daga nan sai su yi nisa da juna, su yi sauƙi, ga yawancin mutane cikin shekara ɗaya zuwa biyu su ɗauke. Ƙullutun ya fi jinkiri, amma shi ma yana ƙanƙancewa.

Ka nemi ganin likita cikin makon nan, ka tafi da kwalayen duk abin da kake sha har da ibufurofen ɗin, ka faɗa masa gaskiya cewa ka zubar da alofurinol da dalilin da ya sa. Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar kowane gwaji da lambar da ta fito da awon da kake sha, ka auna faɗin ƙullutun da zare ka ajiye zaren a ciki. Bayan wata shida ka sake rubuto mini, ka faɗa mini lambar da yadda zaren ya kasance. A gaida maiɗakinka, Allah ya ƙara sauƙi.